Surukina Da 'Yan Akwatunansa

Duk wanda ya ce muku surukina mutumin kirki ne, ku tambaye shi ko ya taɓa kwana ƙarƙashin rufinsa. Kirkinsa irin na fitilar bakin titi ne, masu wucewa take haska wa, mutanen gida kuwa su yi ta laluben takalmansu. Ni na ba shi autata, ni na zauna a gidansa da gwiwoyin nan nawa da suka daina jin magana, don haka in ana batunsa a bar ni in faɗa.

Ubansa mai gyaran sikeli ne a bakin kasuwa, wani ɗan tsamurmurin mutum da ba ya mayar maka da sikelinka sai ya gwada ya sake gwadawa, ko da masu saye sun yi layi suna zaginka. Mahauta ba sa kai masa aiki, sun ce gyaransa ya cika daidai. Ya mutu ya bar wa ɗansa tulin duwatsun awo da wannan mugun hali. Uwarsa da bakinta ta gaya min, tana dariya kamar abin alfahari, wai tun yana rarrafe in ya samu kofin ruwa ba ya sha, tuntsurar da shi yake yi ya bi ruwan da ido ya ga inda za shi. Da ni ce uwar, da tun ranar na nema masa magani.

Da ya zo gaishe ni kan maganar Auta, tambaya ɗaya na yi masa. Na ce, "Yaro, ina za ka ajiye min 'ya?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To Inna, a ce an ɗauke ni aikin da nake nema, akwai gidan ma'aikata. A ce kuma ba a ɗauke ni ba, akwai hanya biyu. Ta farko..."

Ban bari ya kai ta biyu ba. Tun daga ranar nake kiransa Malam A-Ce. Na gaya wa Auta mutumin da ba ya iya cewa e ko a'a ba mijin aure ba ne. Ta ce wai shi ba ya ƙarya. Na ce bango ma ba ya ƙarya, je ki aure shi.

An ɗauke shi aikin, a wani ofishi na masu binciken ruwa da iska da cututtukan da suke jawowa. Aka ba su ɗaki biyu da falo a can ƙololuwar benen ma'aikata. Nan Auta ta kawo ni bayan rasuwar mahaifinta. Matakalar benen nan mun san juna ni da ita. Ina hawa ina hutawa ina tsine wa wanda ya gina ta, har ta kai sai in daɗe ban taka ƙasa ba. Ana haihuwa a ƙasa, ana rasuwa a ƙasa, ni ina leƙe ta taga kamar tsuntsuwa a keji. Kwana kuwa tare da jikoki, wannan ya ɗora min ƙafa a wuya, wancan ya jiƙa min zani.

Amma fa a lokacin surukina yana da suna. Akwai wata unguwa a gangare, bayan tashar mota, mai ƙaton kududdufi a tsakiyarta, koren ruwa, ko da rani ba ya ƙafewa. Duk damina sai zazzaɓi ya kwantar da yaran unguwar. Surukina tun yana sabon ma'aikaci ya rubuta cewa kududdufin nan ne gidan sauro, a cike shi da ƙasa zazzaɓi ya lafa. Magana mai kyau, kowa ya gane ta, har ni. Aka kira shi rediyo, aka kira shi taro. Mutanen unguwar in sun hango shi sai su taso, "Mai Kududdufi, yaushe za a cike mana?" Shekara da shekaru yana bin manya da wannan magana, har furfura ta fara leƙo masa.

Sai Allah ya kawo sabon darakta, mai tumbi da son a ɗauke shi hoto. Ya ji maganar ya ce ai wannan aikin shi yake jira. Aka yi magana da masu tifa, aka sa ranar taro. Aka ce za a ƙara wa surukina girma, a ba shi ɗaya daga gidajen ƙasa da ke bayan ofis. Auta ta sa aka sauko da ni muka je muka gani. Tsakar gida, famfo, igiyar shanya. Ga wani ɗaki dab da ƙofa, da banɗakinsa a ciki, tagarsa tana kallon titi.

Auta ta ce, "Inna, wannan naki ne."

Na shafa bangon da hannuna. Daga inda gado zai zauna zuwa ƙofar gida babu tudu ko na kaurin tabarma.

Ana cikin wannan murna sai ga surukina ya shigo da kwamfutar ofis a hammata, ya kafa ta a kan teburin cin abinci, muka koma ci a ƙasa. Wai yana so ya je taron da hujjar da babu mai musunta ta. Ku ji fa. Wa yake musu? Darakta ya yarda, masu tifa sun yarda, mutanen unguwa har addu'a suke yi masa. Babu wanda ya aike shi. Shi ya aiki kansa.

Ina zaune a bayansa ina tsintar shinkafa, duk abin da ya yi a kan idona. Ya ɗauki taswirar unguwar ya yayyanka ta 'yan akwatuna mitsi-mitsi, kamar ragar taga. Kowane akwati ya sa masa abin da yake: wannan tudu ne, wannan kwari, wannan siminti, wannan laka, wannan rufin kwano. Sai ya danna, a yi ruwan sama na ƙarya. Ruwan ya bi gangare shuɗi-shuɗi, ya kwanta inda zai kwanta. Sannan ya saki sauro na ƙarya, 'yan ɗige-ɗige, su nemi ruwa su yi ƙwai, su shiga gidaje. Inda cizo ya yi yawa sai akwatin ya koma ja. Kafin shayinsa ya huce ya gama damina guda.

Na ce, "Malam A-Ce, yanzu da girmanka kiwon sauro ka koma?"

Ya ce, "Gwaji ne, Inna. Kududdufi na gaske in an cike shi an cike ke nan, ba a tonewa a ce a sake. A nan kuwa sai in cike in tone yadda nake so, in ga abin da zai faru."

Na ce, "To ka gwada sauko da ni daga benen nan a ciki, mu ga ko gwiwata za ta yi sauƙi."

Ya yi dariya. Yana zaton wasa nake.

Da farko ya ba kwamfutar ruwan shekarun baya, da kududdufin a wurinsa. Ta fitar da ja a lungunan da asibiti suka ce daga nan marasa lafiya suka fi fitowa. Ya yi ta washe baki, wai ta ci jarrabawa, yanzu za a iya yarda da maganarta. Sannan ya goge kududdufin ya mai da shi fili, ya danna.

Ƙeyarsa na fara gani ta sandare. Na ajiye tire na leƙa. Jan nan bai ragu ba. Bazuwa ya yi, kamar jan zani ya yi zuba a cikin wanki, ya shiga lungunan da dā fari ne tas.

Ya sake. Ya rage ruwan, ya ƙara ruwan. Ya ba sauron tsawon rai, ya gajarta musu. Kwana da kwanaki abinci yana sanyi a gefensa. Duk ta inda ya juya ta, ja. Daga baya na ji yana yi wa Auta bayani a bakin kicin, murya ƙasa-ƙasa, kamar ni kurma ce. Wai ruwan da kududdufin yake haɗiyewa in an cike shi ba shi da wurin zuwa, sai ya watsu lungu-lungu, ya kwanta a sawun taya da bayan ɗakuna, ɗan kaɗan-kaɗan mai ɗumi. Shi kuwa sauro irin wannan yake so. Babban ruwa mai zurfi akwai kifi a ciki suna cinye masa 'ya'ya, gefe-gefe kawai yake samu.

Na ɗaga murya daga falo na ce, "Wato shekarun nan duk ƙarya kake shara wa mutane?"

Ya leƙo ya ce, "Kuskure ne, Inna."

Na ce, "To kuskuren da mai shi bai faɗa ba, wa ya san an yi shi?"

Ya wuce kan kwamfutarsa. Haka yake, in ka kama shi sai ya koma kurma.

Ranar Asabar da yamma abokin aikinsa ya zo, wanda suke kira Dogo, mutum mai hankali, mai 'ya'ya birjik da ya san abin da ake nufi da ciyarwa. Ya gaishe ni har ƙasa, ya ja kujera ya duba allon. Bai daɗe ba ya yi tsaki.

"Kai ma dai. Wa yake yanka unguwa haka kamar albasa? Akwatunanka sun yi ƙanƙanta. Haɗa su, kowane ɗaya ya ɗauki gidaje da yawa. Haka kowa yake yi a ofis, babu wanda zai ce ka yi laifi. Matsa."

Ya karɓi kwamfutar ya yi 'yan danne-dannensa. Akwatunan suka koma manya-manya. Ya cike kududdufin, ya saki ruwa. Wallahi ina kallo jan nan ya tsuke, unguwa ta yi fes.

Nan take na gane. Na ce, "Ashe rariya ce! To ka sa mai manyan ido mana, komai ya wuce a huta."

Surukina ya ce, "Inna, abin da zai wuce ɗin shi zai ciji yaran mutane. Babban akwati ba ya ganin ruwan sawun taya. Sauro kuwa yana gani."

Dogo ya ce, "Kai taka wahayi ce? Wa ya gaya maka ƙananan ne daidai?"

"Ban ce daidai ba ne. Amma manyan nan na riga na gwada su da ruwan shekarun baya, sun sa ja inda babu ciwo, sun bar inda yake. Ba su ci jarrabawar ba."

"Wa zai tambaye ka jarrabawa a ɗakin taro? Darakta? Shi da ko kunna ta bai iya ba?"

Na ce, "Gaya masa dai, ɗan albarka. Yaran mutane, yaran mutane! Naka fa da suke kwana a kaina kamar buhuna? Ko su ba mutane suka haifa ba?"

Dogo ya miƙe ya karkaɗe wandonsa ya ce, "Inna, ni dai na faɗa." Ya tafi. Na bi Auta kicin na ce ta yi wa mijinta magana tun kafin ya kai mu ya baro. Ta ce to. Wannan "to" ɗin nata ni na san ta, ta ubanta ce, ba ta haifar da komai.

Ranar taro aka ce iyalai su zo, tunda ranar karrama surukina ce. Samarin bene suka ɗauko ni a kujera har ƙasa, suna "a hankali da Innar oga." Na ɗaura sabon zani. Ɗakin taro ya cika, masu tifa a sahun gaba, dattawan unguwa a bayansu. Darakta ya yi ta yabon kansa har na fara gyangyaɗi. Sannan aka kira surukina.

Ya haska taswira a bango, mai manyan akwatuna, fes da ita. Aka ɗau tafi. Na sauke ajiyar zuciya, na ce ashe dai yaron nan yana da rabon hankali.

Sai na ji ya ce, "Amma a ce mun ƙanƙanta akwatunan..."

Ya haska ta biyu, ja wur. Ya tsaya a gaban jama'a da siririn wuyansa ya ce maganar da ya daɗe yana yi ya gwada ta bai ga ta tsaya ba, taswirar farko kada a yarda da ita, yana roƙo kada a cike kududdufin, a share gefensa a gyara kwatoci.

Wani dattijo daga unguwar ya miƙe da sandarsa. "Yaro, ba kai ka ce mana a cike ba?"

"Ni ne, baba."

"Yanzu kuma kai ka ce kada a cike?"

"Ni ne. Na yi kuskure a da."

"To gobe me za ka ce?"

Aka fashe da dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Darakta yana murmushi da baki, idonsa kuwa kamar zai ci mutum. Matan da ke kusa da ni suka fara jan kujerunsu. Da aka watse na nemi samarin da suka sauko da ni, ko ƙeyar ɗaya ban gani ba. Da mazaunai na hau benen nan, da baya da baya, sabon zanina yana share musu matakala.

Ba su kore shi ba, sun fi haka wayo. Sito aka mayar da shi, wurin karyayyun kujeru da matattun fankoki, kuma mai sito ba ya cikin waɗanda ake ba gida. Dogo ya kai manyan akwatunansa, aka ƙara masa girma, ya tare a gidan ƙasa. An ce ɗakina buhunan gawayi matarsa take ajiyewa a ciki. Tifofi suka zo suka cike kududdufi, darakta ya sha hoto da shebur a hannu.

Mu kuwa muka koma wasu ɗakuna a saman shagon mai walda. Matakalar ta ƙarfe ce, a waje, tsaye kamar tsani, da rana ta ƙona tafin hannu, da ruwa ta yi santsi. Tun safe ake ƙwanƙwasa ƙarfe a ƙarƙashin gadona. Auta ta sayo keken ɗinki ta fara karɓar gyaran kaya. Shi kuma, don rashin kunya, ya samo wata tsohuwar kwamfuta ta hannu, ya ci gaba da kiwon sauronsa in ya taso daga sito.

Damina ta zo da ƙarfi. Zazzaɓi ya shiga unguwar gangare kamar ba a taɓa yi ba, aka ce har a baranda ake kwantar da yara a asibiti. Mutanen da suka yi masa dariya suka fara cewa ai Mai Kududdufi ya faɗa. Ana haka aka ɗauke darakta zuwa wani wuri, aka bar mataimakiyarsa tana riƙo, wata mace mai gilashi da ba ta taɓa shiri da daraktan ba.

Da ƙafarta ta hawo matakalar ƙarfen nan, tana haki. Na ba ta matashina ta zauna. Ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce akwai wani gidan ƙasa da ya zama babu kowa, kujerarsa ta ofis ma tana nan. Abu ɗaya take so: ya tsaya a gaban manya ya ce zazzaɓin bana cike kududdufi ne ya jawo shi, kamar yadda kwamfutarsa ta nuna tun farko.

Na ɗaga hannu sama na fara godiya ga Allah. Ban kai ƙarshe ba na ji muryarsa.

"Ranki ya daɗe, ba zan iya cewa haka ba tukuna."

Ta cire gilashi. "Ban gane ba. Ba kai ka faɗa ba?"

"Na faɗa. Amma bana ruwa ya yi yawa ko'ina. Unguwannin da ba su taɓa yin kududdufi ba su ma zazzaɓi ya ƙaru. Damina ɗaya ba ta isa shaida ba, sai an ga wasu an kwatanta. Abin da zan iya cewa, mai yiwuwa ne. In kina so, yau ɗin nan zan nuna miki lungunan da ya kamata a haƙa wa kwata, wannan ba ya jira."

Ta ce, "Malam, ba a shiga gaban manya da mai yiwuwa." Ta miƙe ta ce ya yi tunani, za ta biyo ƙarshen mako.

Ko ƙasa ba ta kai ba na buɗe masa wuta. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Wancan karon ka ce ba ka da gaskiya, aka watso mana kaya. Yanzu an hawo har sama an ce kana da gaskiya, ka ce a'a. To wacce za ka karɓa? Sai na faɗo daga tsanin nan na karye za ka sa ni a akwati ka gwada?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna."

"Haƙuri na nawa? Ka ajiye shi a sito, can ne wurin tsofaffin kaya!" Na juya wurin Auta, tana kan keke ko ɗagowa ba ta yi ba. Na ce, "Ke, tashi ki haɗa kayanki. Ba zan bar ki ki tsufa a saman walda ba."

Ta tsayar da keken, ta ciji zare, ta ce, "Inna, haka na gan shi na aura. In nan ya ishe ki, Yaya ya ce ƙofarsa a buɗe take."

Yaya! Ta san sarai ni da matar yayanta ko a hanya ba ma gaisawa. 'Yar da na goya, na tauna na ba ta, ita ce yau take nuna min ƙofa saboda mai gadin karyayyun kujeru. Na shiga ɗaki na ja labule.

Ƙarshen mako mota ta tsaya a gaban shagon mai walda ta yi hon. Na leƙa ta taga. Surukina ya sauka da takarda a naɗe a hannu. Mataimakiyar nan ta sauke gilashin mota, ta yi magana, na ga ya girgiza kai. Ya miƙa mata taswirar kwatocinsa, ta karɓa da yatsu biyu ta jefa kujerar baya, mota ta tashi. Kafin la'asar labari ya iso mana cewa akantan ofis aka ba gidan.

Ya hawo ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Inna, sannu da gida."

Na juya masa baya. Ya ɗan jima a tsaye, sannan na ji ya ɗauki bokitina ya sauka famfo. Ya hawo da shi, ya dafa, ya surka, ya kai min banɗaki, ya ce ruwa ya yi. Na sa yatsa. Ko zafin kirki bai yi ba.